Fitilar Goshi a Kan Hular Kwano: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na jihar Katsina, babur ne ƙafar mutane. Shi ke kai manomi gona, shi ke ɗauko buhun masara zuwa kasuwar Ɗandume ko ta Sheme, shi kuma ake tayarwa idan naƙuda ta zo wa mace a ƙauye. Rana kuwa ba ta jiran kowa. A watan Nuwamba wajen ƙarfe 6 take faɗuwa a wannan yanki, a tsakiyar damina ta kai kusan ƙarfe 7, kuma da ta faɗi da minti 20 da 'yan kai duhu ya rufe. Shi ya sa fitilar goshi, wadda a da aka fi ganinta wurin maharba da masu ban ruwan dare, yanzu ta hau kan masu babur da masu keke. Wani a kan hularsa ta yau da kullum yake ɗaura ta, wani a kan hular kwano.

Tana da amfani. Sai dai duk abin da ka ɗora a ka wuya ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma fitilar da ta sa ka gaji da hular kwano har ka cire ta ka rataye a madubi ta cuce ka fiye da yadda ta taimake ka.

Mece ce fitilar goshi?

Ƙaramar tocila ce da ake ɗaurawa a ka, don hannuwa biyu su zauna kan aikinsu. Abu uku ne ya haɗa ta. Akwai ƙwan, wanda a yau kusan duka irin da ake kira LED ne, wato ɗan mitsitsin ƙwai marar zaren waya a ciki, mai ba da haske da yawa da wuta kaɗan. Akwai batir, ko na sayen yau da kullum ko na caji. Akwai kuma maɗauri na roba. A wasu fitilun batirin yana manne da ƙwan a goshi. A wasu yana cikin ɗan akwati a ƙeya, waya ta haɗa su. Wannan bambanci kamar ba kome ba ne, amma shi ke raba fitilar da wuya zai jure da wadda ba zai jure ba.

Ai babur yana da fitilarsa, me za a yi da wata?

Fitilar babur gaba take kallo. Idan kana cikin gudu ka zo kwana, jikinka da babur ne ke karkata, kan babur kuwa ɗan kaɗan yake juyawa, sai hasken ya ci gaba da dukan jeji alhali hanya ta lanƙwasa hagu. Fitilar goshi kuwa inda ka duba nan take haskawa. Da ita za ka leƙa cikin kwana, ka ga saniyar da ke shirin tsallakowa daga gefe, ka duba bakin kwalbati kafin ka hau.

Akwai wani dalili kuma. A ƙananan babura da yawa, fitilar gaba kai tsaye daga inji take shan wuta. Ka rage mai, ta dusashe. Inji ya mutu, ta mutu. Wato a daidai wurin da ka fi bukatar haske, cikin yashi ko taɓo ko gargada inda dole ka yi tafiyar hawainiya, nan take raguwa. In sarƙa ta zame ko taya ta yi faci ko fulogi ya ƙi, fitilar goshi ce za ta ba ka damar yin gyara da hannu biyu, ba sai ka cije tocila ko waya a baki ba. A ganina wannan shi ne babban amfaninta ga mai babur, ya fi amfaninta a cikin tafiya.

To za ta iya maye gurbin fitilar babur?

A'a, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗin kansu. Ƙwan gaba ya ƙone, maimakon a je wurin bakanike sai a ɗaura ta goshi a ci gaba da harka.

Ga lissafin. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 60 yana cin kusan mita 17. Daga lokacin da ido ya ga rami zuwa lokacin da ƙafa ta taka burki, daƙiƙa ɗaya ko ɗaya da rabi takan wuce, ga wanda bai gaji ba ke nan. A gudun 60, mita 17 zuwa 25 sun tafi ba ka fara tsayawa ba, sannan burkin kansa ya ci wasu kamar mita 20 a kan kwalta mai kyau. A kan burji ko yashi abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan fitilarka mita 20 kacal take nuna maka, to duk abin da ka gani ka riga ka hau shi.

Sannan akwai maganar inuwa. Da dare ba ramin kansa kake gani ba, inuwar bakinsa kake gani. Fitilar babur tana ƙasa da idonka, don haka tana shimfiɗa inuwa mai tsawo a bayan kowane dutse da cikin kowane rami. Fitilar goshi kuwa daf da ido take, inuwar da take yi tana ɓuya a bayan abin, inda ba ka hango ta. Sai hanya mai ramuka ta yi maka kamar shimfiɗaɗɗiya.

Lokacin hunturu abin ya fi muni. Ƙurar hazo, da wadda motar gabanka ta tayar, tana mayar da haske inda ya fito. In hasken daga goshinka ya fito, cikin idonka zai dawo, ka ga fari fat a gabanka, ba hanya. Saboda haka ne masu ƙera mota suke sa fitilar hazo can ƙasa kusa da taya. Cikin hazo ko yayyafi, kashe ta goshi ka bar ta babur. Da damina kuma, daren da shinge ya tashi bayan ruwa, ƙwari haske suke bi, ga hasken a saman fuskarka. In hularka ba ta da gilashi, ka san sauran.

Nauyi nawa ake magana?

Gram 1,000 shi ne kilo ɗaya, ledar ruwan sha ta sayarwa kuma gram 500 ce. Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo 5, yana zaune a kan ƙasusuwan wuya guda 7. Hular kwano mai rufe har haɓa takan kai kilo 1.3 zuwa 1.8. Mai buɗaɗɗiyar fuska takan tsaya tsakanin kilo 1 da 1.3. Ta 'yan keke ba ta wuce gram 250 zuwa 350. Fitilar goshi ƙarama gram 50 zuwa 100 ce, manyan nan masu ƙwai uku ko biyar da batir biyu kuwa sukan kai gram 250 ko fiye.

Za ka ce gram 100 a kan kilo 6 ai ba wani abu ba ne. Haka ne, in a tsakiya ya zauna. Dubi mai ɗaukar tulu daga rijiya: muddin tulun na tsakiyar gammo za ta yi doguwar tafiya tana hira, amma ya ɗan goce gaba kaɗan sai wuya ya fara ƙara, alhali ruwan bai ƙaru ba. Abin da wuya ke ji ba nauyin kaya kaɗai ba ne, har da nisansa daga tsakiyar kai. Gram 100 da ya yi nisan santimita 15 daga tsakiya yana jan kai daidai da gram 300 da ke nisan santimita 5. Ga fitilar goshi kuma a can gaban hula take, wuri mafi nisa. Jijiyoyin bayan wuya ne ke riƙe kan kada ya rinjaya gaba, kuma ba sa hutawa har ka sauka.

A kan kwaltar Funtuwa zuwa 'Yankara ba lalle ka ji kome ba. A hanyar ƙauye mai gargada ne za ka gane, domin kowane tsalle da babur ya yi sai ya fizgi wannan nauyi ƙasa, wuya kuma ya fizgo shi sama. Wannan matsala ba ta masu babur kaɗai ba ce. Sojoji matuƙan jirage masu saukar ungulu, waɗanda ke maƙala na'urar gani cikin duhu a gaban hularsu, sun shahara da ciwon wuya, har da yawansu sukan ƙara wani ɗan nauyi a ƙeyar hula don ya daidaita na gaba. Wato sun gwammace nauyi ya ƙaru ya zauna daidai, da ya ragu ya karkata.

Darasin a gare ka shi ne: in za ka sayi ƙarama, nemi wadda ba ta wuce gram 100 ba. In babba kake so, nemi mai batir a ƙeya. In tafiyar mai tsawo ce, akwai masu doguwar waya da ake sa batirin a aljihu, kan ya ɗauki ƙwan kaɗai.

Jikinka zai gaya maka in an yi masa yawa: ciwo a gindin ƙeya, ciwon kai mai tasowa daga baya, kafaɗu su yi tauri da safe. In abin ya kai ga yatsu suna mutuwa ko hannu yana sanyi, wannan ya wuce maganar fitila, ka je asibiti.

A ina za a ɗaura ta, kuma da me?

Kada ka huda hular kwano. Kada ka sa mata kusa ko noti. Ɓawon waje an yi shi ne ya watsa ƙarfin bugu ya kuma zame a kan ƙasa, huda kuwa wuri ne da tsagewa za ta fara. Notin da ka ɗaura, ranar faɗuwa kanka zai nufa.

Ƙa'idar hular kwano ta Amurka ta hana duk wani abu mai tauri da ya ɗago a cikin hula, ta kuma ce wanda ke waje kada ya ɗago fiye da milimita 5. Dalili shi ne hula mai santsi tana zamewa a kan hanya, mai ƙaho kuwa sai ta kama ƙasa ta murɗe kai. Murɗewar nan farat ɗaya tana cikin abubuwan da suka fi yi wa ƙwaƙwalwa da wuya illa, shi ya sa sabuwar ƙa'idar Turai mai lamba 22.06 ta ƙara gwajin bugu a karkace. Don haka ɗaurin da ya fi kyau shi ne wanda zai riƙe fitilar a cikin tafiya amma ya sake ta in an faɗi: maɗaurinta na roba, ko irin maɗaurin nan mai ƙaiƙayi da ake mannawa a ɓare. Fitila ta tashi ta bar hula, shi ne abin da ake so.

A yi hattara da gam mai ƙarfi da fenti da fetur. Suna iya cin robar ɓawon, fetur kuwa narkar da farin soson ciki yake yi. Wanda ke goge hularsa da tsumman fetur don ta yi ƙyalli yana lalata ta ne bai sani ba.

Wuri mafi kyau shi ne ƙasa-ƙasa, daf da saman gilashi, ba a ƙoƙon kai ba. Wadda aka kafa a sama iska na tura ta baya in ana gudu, reshen bishiya ma na iya kama ta. Ka karkatar da ita ta kalli ƙasa kaɗan, ka kuma tabbata gilashin na buɗewa yana rufewa.

Ita hular fa, wace iri ce ta gaske?

Babu amfanin tattalin fitila a kan hular da ba hula ba. Wani babban nazari da ƙungiyar masana ta Cochrane ta fitar a 2008, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwar mai babur da kusan kashi 42 cikin 100, da na rauni a ka da kusan kashi 69. Amma hula ta gaske ake nufi. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009, an ga 'yan acaba a Kano sun kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. An yi dariya a lokacin, amma hular leburorin gini da wasu ke sawa har yau ba ta fi ƙwaryar da yawa ba a kan hanya. An yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da soson da zai shanye bugu, kuma takan tashi kafin kai ya isa ƙasa.

Juya hular ka duba cikinta. Ƙarƙashin ƙyallen dole a sami farin soso mai tauri, kaurinsa kusan inci ɗaya. Shi ne ke murƙushewa a madadin kanka. Hular babur da ka ɗaga ka ji ba ta kai nauyin ledar ruwa ba, ka yi shakkarta. Alamar DOT ta Amurka ce, harafin E da lamba a cikin da'ira a jikin maɗauri kuma ta ƙa'idar Turai ce, sai dai ana buga na jabu, don haka hannunka da idonka su ne alƙalai.

Abin da mutane ke kira nauyin hula, sau da yawa rashin daidai ne. Hular da ta yi maka yawa tana rawa a ka, wuya na ta fama da ita, in ka ƙara mata fitila sai ta zamo ta rufe ido. Karɓi tef wurin tela ka auna kewayen kanka daf da saman gira. Santimita 55 zuwa 56 yawanci shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L. Ka sa ta, ka girgiza kai: fatar goshi ta motsa tare da ita. Ka ɗaure igiyar haɓa yadda yatsa biyu ne kawai za su shiga. Hular da ba a ɗaure ba ado ce. A ajiye maganar kwalliya, hular gargajiya ta shiga jaka, domin in tana ƙarƙashin hular kwano ba za ta bar ta ta zauna ba. Don zafin bazara kuma, farar hula mai ƙofofin iska ta fi baƙa sauƙi, an kuma fi hango ta da dare.

Me lambobin jikin kwali ke nufi?

Lumen shi ne ma'aunin yawan haske. Kyandir ɗaya yana ba da kamar lumen 12, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 kuma kamar 800. Don gyaran babur a bakin hanya, lumen 30 zuwa 100 sun isa. Don mai keke a hanya marar fitila, 200 zuwa 500.

Za ka ga kwali an rubuta lumen 10,000 ko fiye. Ga yadda za ka kama ƙaryar. Batirin caji da aka fi sawa a waɗannan fitilu shi ne mai lamba 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65, nauyinsa kamar gram 45. Lambar mAh da ke jikinsa tana nuna yawan wutar da yake adanawa, na gaske kuma tsakanin 2,000 da 3,500 yake. Wanda aka rubuta 9,900 ƙarya ce tsagwaronta, galibi ma shi ne mafi rauni, in ka ɗaga shi za ka ji shi sakayau. Batir mai 3,000 na gaske zai riƙe lumen 300 na kamar awa 3, lumen 1,000 na kamar awa ɗaya. Fitilar da ta yi alkawarin dubban lumen har asuba da batir ɗaya, rabu da ita.

In ka ga IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga, tana kuma jure feshin ruwa. IPX4 na nufin tana jure yayyafi da fantsama, ba a gwada ta da ƙura ba. A ƙasar da ke da hunturu da damina, ta farkon ta fi dacewa.

Caji fa?

Yawancinsu da wayar USB ake yi musu caji, irin ta wayar hannu, don haka ƙaramar sola ko shagon mai caji ya wadatar. Batirin irin na waya ne, kuma ba ya son zafi. Kada ka bar fitilar a kan tankin babur cikin rana, kada ka kwana da ita a caji kusa da katifa. Batirin da ya kumbura, ko rigarsa ta yage, ko yake zafi ba dalili, a jefar da shi nesa da wuta. Ka tuna a jikin kanka yake zama.

Doka da tsaro: wa abin ya shafa?

A wani wuri maganar fitilar dare maganar ramuka ce kawai. A nan ba haka ba ne. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomi 8 da ke bakin daji, tare da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ɗandume. Da dare, kuma a kan babura, 'yan bindiga suka zo suka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disambar 2020. A 2021 gwamnatin jiha ta Gwamna Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta jaddada hana acaba daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a waɗannan ƙananan hukumomi, ta hana goyon mutum uku a babur, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. A shekarar ce kuma aka katse layukan waya a yankin, aka hana sana'ar cajin waya na wani lokaci. A 2023 gwamnatin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wadda ke sintiri tare da sauran jami'an tsaro.

Irin waɗannan dokoki suna tsananta suna sassautawa gwargwadon hali, wani lokaci ma gari da gari sun bambanta. Kafin ka shirya tafiyar dare, tambayi mai unguwa ko shugabannin ƙungiyar 'yan acaba abin da ke aiki a yanzu. Fitila, komai kyanta, ba ta halatta tafiyar da doka ta hana.

Amma akwai fitar da ba makawa: naƙuda, saran maciji, yaro ya shiɗe, manomin da dare ya riska a gona lokacin kaka, mai noman rani a bakin madatsar Mairuwa. In ta kama, ka san cewa haske a ka yana nuna abu biyu ga mai kallo daga nesa: inda kake, da inda kake dubawa. Haske mai yawo hagu da dama a bakin gari yana iya tayar da hankalin masu gadi. Ka sanar da 'yan sintiri kafin ka fita, in da hali a raka ka. Da ka hango shingen bincike, rage gudu tun daga nesa, kashe ta goshi, mayar da ta babur ƙasa, ɗaga gilashin hula a ga fuskarka. Kada ka taɓa dallare jami'i da haske a ido. Ka guji fitila mai walƙiyar ja da shuɗi, wannan ta jami'an tsaro ce. Fari a gaba, ja a baya.

Wasu sukan kashe fitila gaba ɗaya su yi tafiya cikin duhu don kada a gan su. Ƙarar inji tana tafiya nesa a cikin dare, don haka ɓuyan bai cika ba, ga rami da kututture suna jira. Hanyar da ba ta biyuwa da fitila, ba ta biyuwa ke nan, a jira gari ya waye.

Ko ba maganar tsaro, akwai haƙƙin abokin hanya. Ɗabi'ar mutum ce ya kalli abin da ke tunkaro shi, kuma da fitila a goshi kallo ɗaya ya isa ya kashe wa mai tahowa ido. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, haske mai ƙarfi kuwa nan take yake rushe wannan sabo. Direban da ka makantar kai zai nufa. In ana tahowa, sunkuyar da kai kaɗan ka kalli gefen hanya na damanka.

Mai keke fa?

Shi ya fi kowa cin moriyarta, tunda gudunsa kaɗan ne kuma tsohon dainamo na jikin taya ya yi wuyar gani. Sai dai hular keke ba ta da nauyi, fitilar gram 150 ta kai rabin nauyinta, nan da nan za ta rinjaye ta gaba. Ya fi kyau babbar fitila ta zauna a kan keken, ƙarama a ka. Babban haɗarin mai keke ma daga baya yake zuwa, don haka jar fitilar baya ta fi ta goshi muhimmanci.

Nawa za a kashe?

Kusan duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, kuma tun 2023, da aka cire tallafin mai darajar naira ta faɗi, farashinsu ke bin dala. Taya a shago biyu ko uku a Funtuwa ko Malumfashi kafin ka biya, ka sa a kunna maka, ka ɗaga ka ji nauyinta, ka buɗe ka ga batirin. Araha ba ta ado.

In kuɗin bai isa duka ba, ga yadda zan jera su. Fara da gyaran fitilar babur, gaba da baya, domin ƙwai da 'yar waya ba su kai kuɗin fitilar goshi mai kyau ba. Sai hula ta gaske. Sai tef mai ƙyalli da ake mannawa a bayan hula da bayan babur, wanda ba ya shan batir, ba shi da nauyi, kuma yana sa direba ya hango ka tun daga nesa. Fitilar goshi ita ce ta ƙarshe.

Tsakanin mai caji da mai batirin saye, mai caji ta fi tsada ranar farko, ta fi araha daga baya. Caji ɗaya na 18650 mai kyau ya kai wutar ƙananan batura uku-uku sau biyu ko sau uku, kuma yana karɓar caji sau 300 zuwa 500 kafin ya gaji. Tarar hawa babur ba hular kwano, a jadawalin da FRSC ta daɗe tana aiki da shi, naira 2,000 ce. Wannan ba kome ba ne a kan kuɗin jinya, domin rauni mai tsanani a ka sau da yawa ya fi ƙarfin asibitin kusa, sai an wuce da mutum babban asibitin Katsina ko na Shika, ga kuɗin mota, ga na hoton kai, ga gona ba mai dubawa.

In an faɗi fa?

Hular da ta bugu da ƙasa da kai a cikinta ta gama aikinta, ko da ba ka ga tsaga a waje ba. Soson ciki sau ɗaya yake murƙushewa, ba ya komawa. Wannan ne ma ya sa sayen hula ta hannu ke da haɗari, tunda ba ka san tarihinta ba. Ko ba a faɗi ba, masu ƙera ta da yawa suna ba da shawarar a canza bayan kamar shekara 5, domin rana da gumi suna cin ta.

In ka tarar da wanda ya faɗi, kada ka fizge hular daga kansa, wataƙila wuyansa ya taɓu. Ɗaga gilashin, sassauta igiyar haɓa, ka riƙe kan ya daidaita da jiki lokacin ɗaukarsa. Ba a cire ta sai in ba ya numfashi ko amai na neman shaƙe shi, nan ma mutum biyu, ɗaya na riƙe da wuya. Wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yake amai, ko barci ke fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, ko jini ko ruwa ke fita ta kunne ko hanci, a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, domin jinin da ke taruwa a cikin kai yana iya ɗaukar awoyi kafin ya nuna kansa.